Yadda Ake Taimakon Iyayen da Suka Rabu Su Yi Renon 'Ya'yansu Tare, Har da Iyalan Sojoji

Ranar da aure ya mutu, abin da ya fi cin hankalin dangi shi ne kayan ɗaki: wa zai samo motar da za ta kwashe gado da kujeru, wane ne ya sayi firji, ina aka kai akwatunan lefe. Maganar yara kuwa sai a bar ta a kan "ai 'ya'yansa ne" ko "ai uwa ba ta da madadi", kowa ya watse ba tare da an faɗi wanda zai biya kuɗin makarantar zango mai zuwa ba, ko gidan da yaro zai kwana ranar jajibirin sallah. Daga wannan giɓin ne rigimar shekara goma take tsirowa. Bayanin da ke tafe an yi shi ne domin wanda nauyin shiga tsakani ya faɗo a kansa, kawu ne ko gwaggo, yayan miji ne ko limamin unguwa ko magajiyar da ke kula da lamuran matan sojoji a bariki, kuma iyayen da abin ya shafa suna iya bin sa da kansu. Abin da ake nema shi ne tsarin da zai ci gaba da tafiya ko da mutanen nan biyu ba sa ƙaunar haɗa ido.

Mataki na farko: a riƙe yaran a inda suke, a bar zuciya ta huce

A makon farko kada ka yarda a yanke maganar riƙon yara na dindindin, domin duk abin da aka yanke cikin zafin rai warware shi za a dawo yi. Abin da za ka nema shi ne tsarin wucin gadi na tsawon idda: mai shan nono yana wurin uwarsa, 'yan makaranta ba su fasa zuwa ko kwana ɗaya ba, uba kuma yana ci gaba da ba da abinci kamar yadda ya saba. Shari'a ta ce macen da aka yi wa sakin da ake iya kome ta yi iddarta a ɗakinta, ciyarwarta tana kan mijin, duk da cewa a aikace mafi yawan mata a ranar suke tafiya gidan iyayensu. Idan akwai alamar za a yi biko a sasanta, a yi ƙoƙarin hakan da gaske, amma kada a jingine maganar yara har sai an ga ƙarshen bikon, saboda wani bikon yana cin wata shida yara suna zaune a gida babu karatu.

Mataki na biyu: ka san hukuncin kafin ka buɗe baki

Mai sulhun da bai san hukunci ba al'ada zai bi, al'adarmu kuwa a nan ta saɓa wa fiƙihun da muke karantawa a zaure. Abin da aka saba gani shi ne da zarar an yaye yaro sai uba ya aiko a karɓe shi, a damƙa wa mahaifiyarsa ko amaryarsa. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Arewacin Najeriya suke bi, riƙon yaro bayan rabuwa, wato hadana, haƙƙin uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Haka yake a Risala da Muhtasar, littattafan da ba baƙi ba ne a makarantunmu na ilimi. Idan uwar ta yi wani aure da wanda ba muharramin yaron ba, riƙon yana komawa ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta, kafin layi ya zo kan dangin uba. Sharaɗin mai riƙo shi ne hankali da amana da lafiyar da za ta iya ɗawainiya da wurin zama mai tsaro.

Wannan bai cire uba daga cikin lissafi ba. Shi ne waliyyi, shi ke da maganar karatu da tarbiyya da aurarwa, kuma ci da sha da sutura da magani da muhallin yaron duk a wuyansa suke, ko yaron yana gidansa ko yana gidan kakarsa ta wajen uwa. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta ko uba ta hanyar ɗansa, ta kuma sa ko yaye ya zama da yardar juna da shawara. Aya ta 6 da ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ sun wajabta ladan shayarwa ga matar da aka saka, suka kuma ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Ka bambance waɗannan abubuwa uku a kanka, riƙo da walicci da ciyarwa, domin rabin gardamar da za ka ji ta samo asali ne daga cakuɗa su.

Idan ma'auratan Kirista ne da suka yi auren rajista, dokar shari'o'in aure ta 1970 ce take aiki, Babbar Kotu ce kuma ke yanke riƙo, abin da take sa wa a gaba shi ne maslahar yaron. A kan wannan ma'aunin aka gina Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda jihohin Arewa da dama suka yi tasu makamanciyarta.

Mataki na uku: ka ji kowa shi kaɗai, sannan a zauna

Ka fara zuwa wurin kowannensu daban, ka bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan ka yi masa tambaya ɗaya: me kake tsoro game da yaran nan? Uba yawanci tsoronsa a raba shi da su ko a cinye kuɗin da ya aiko, uwa kuma tsoronta a ƙwace su ko a bar ta da nauyinsu ita kaɗai. Waɗannan tsoro su ne ajandar zaman, ba tarihin wanda ya fara zagin wani ba.

Zaman ya kasance a gidan wani babba da kowa ke jin nauyinsa, da mutum ɗaya ko biyu daga kowane ɓangare, ban da amarya, ban da saurayin bazawara, ban da yaran kansu. Tun farko ka shimfiɗa sharaɗin cewa ba za a taɓo dalilin saki ba, kuma kowa ya kira ɗan'uwansa da sunan yaran, Baban su Abba da Maman su Abba, domin wannan sunan shi ne dangantakar da ta rage, kuma yana tuna musu abin da ya tara su.

Mataki na huɗu: a rubuta, musamman maganar kuɗi

Mutanenmu suna jin nauyin rubuta yarjejeniya tsakanin dangi, suna ganin kamar rashin yarda ne, amma "zan riƙa aikowa da abin da ya sauwaƙa" ba alkawari ba ne da za a iya kama kowa da shi. A ɗauko takarda a lissafa abin da yaran suke ci a wata bisa farashin kasuwar garin da suke zaune, a ƙara sabulu da omo da kuɗin mota da na tara, sannan a ware abubuwan da suke zuwa lokaci-lokaci: kuɗin makaranta sau uku a shekara, kuɗin islamiyya, yunifom da littattafai, kayan sallah biyu, da kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB idan lokacinsu ya gabato. Bayan haka a dubi samun uban da gaskiya. Adadin da ya fi ƙarfinsa wata biyu zai yi ya tsaya, ƙaramin adadin da ke zuwa a kan kari kuwa ya fi babban da ake bin sa da waya.

Akwai dabaru uku da na ga suna rage tashin hankali ƙwarai. Na farko, uba ya biya kuɗin makaranta kai tsaye a asusun makarantar, ya tura wa uwa hoton rasit, ta haka babu zargin an karkatar da kuɗin. Na biyu, kuɗin wata ya bi ta banki a ranar da aka sa, misali cikin kwana uku bayan shigar albashi, domin shaidar turawa ta zauna a wayar kowa. Kuɗin hannu da ake ba ɗan aike shi ne ke zama "na ba da" da "ban gani ba". Na uku, a ƙayyade wani ɓangare da awo maimakon naira, a ce kwano kaza na shinkafa da buhun masara a duk wata kaza, saboda tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda adadin da ya ishi gida a bara yake kasa kai wa tsakiyar wata a bana. A rubuta cewa za a sake duba adadin duk wata shida.

Sai a ƙara da rashin lafiya: wane asibiti za a je, nawa uwa za ta iya kashewa cikin gaggawa a biya ta daga baya, kuma cikin awa nawa za a sanar da uba idan an ba yaro gado. Idan yaron yana da sikila ko asma ko farfaɗiya, gidajen biyu su mallaki sunayen magungunansa a rubuce. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da katin rigakafi da lambar NIN da sakamakon makaranta su zauna a hannun mai riƙo, ɗayan kuma ya ajiye kwafi. Kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa, kowane ɓangare ya tafi da nasa.

Abu ɗaya da ba za ka sassauta a kansa ba shi ne raba kuɗi da ziyara. Uba ba zai riƙe abinci don an hana shi ganin yara ba, uwa kuma ba za ta kulle ƙofa don kuɗi ya makara ba. Kowanne haƙƙin yaron ne, kuma wanda ya riƙe ɗaya don ya rama ɗaya yaron ya hora.

Mataki na biyar: ziyara, hutu da sallah

A nan shekarun yaro ne ke ja-gora. Jariri da ɗan yaye ba a ɗauke su kwana da kwanaki, uba ne zai zo ya gan su sau da yawa na ɗan lokaci, a zauren gidan kakanni ko a gidan wata gwaggo idan shiga gidan tsofaffin surukai ya yi masa nauyi. Ɗan firamare yana iya kwana biyu a ƙarshen mako idan gari ɗaya ne, idan kuwa garuruwa daban ne sai a raba dogon hutu. Sallah a yi ta karɓa-karɓa: ƙaramar a nan, babbar a can, baɗi a juya. A faɗi wanda zai ɗauko da wanda zai mayar, da ranar da lokacin, da wanda zai biya kuɗin mota, domin "bayan sallah zan dawo da su" ya sha zama bayan wata uku.

Mataki na shida: abin da za a gaya wa yaran

Yara sun riga sun san wani abu ya faru, shirun manya kuwa yana sa su ɗora laifin a kansu. Iyayen su amince da magana ɗaya gajera da kowa zai faɗa: Baba da Mama ba za su ƙara zama gida ɗaya ba, ba laifin kowa a cikinku ba ne, za ku zauna a wuri kaza, za ku riƙa ganin Baba ranar kaza. Ka gargaɗi kakanni da 'yan'uwan uwa da na uba, domin galibi daga bakinsu ne "ubanka marar mutunci" da "halin uwarka" suke fitowa. Kada a aiki yaro karɓo kuɗi, kada kuma a titsiye shi da tambayar wa yake zuwa zance wurin uwarsa ko me amarya ta dafa. Idan yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, ko mai ƙoƙari ya fara faɗuwa a aji, ko mai surutu ya yi tsit, a sanar da malaminsa halin da ake ciki, a kuma bar bulala a gefe.

Mataki na bakwai: idan uban ko uwar soja ne

Duk abin da ya gabata an gina shi ne a kan cewa ana iya samun uba a waya, ana kuma sanin inda zai kasance wata mai zuwa. Soja ba shi da wannan tabbacin. Sigina ɗaya, wato saƙon umarni daga hukumar soja, tana iya ɗauke shi daga barikin Bukavu a Kano zuwa Runduna ta 7 a Maiduguri ko ta 8 a Sakkwato, daga nan kuma a tura shi wani sansani a ƙarƙashin Operation Haɗin Kai inda sabis ɗin waya sai an dace. Don haka yarjejeniyar soja dole a ɗinka ta yadda za ta yi aiki ba ya nan.

A fara da muhalli. Ɗakin bariki da sunan soja aka ba da shi, matar da aka saka ba ta da hurumin ci gaba da zama a ciki, alhali yaran wataƙila a makarantar 'ya'yan sojoji ko ta Command suke karatu. Tun kafin idda ta cika a yanke ko za a kama musu haya kusa da barikin su ƙarasa shekarar karatu, ko za a karɓo takardar canjin makaranta su bi uwarsu garinsu. Cire yaro a tsakiyar zango ba tare da an samo masa gurbi ba shi ne kuskuren da aka fi yi.

Sai kuɗi. Soja ya je bankinsa ya ba da umarnin a riƙa cire adadin da aka amince daga albashinsa duk wata a tura asusun mai riƙon yaran, ba sai ya taɓa waya ba. Ya kuma naɗa wakili ɗaya a rubuce, ƙaninsa ko yayansa ko mahaifinsa, wanda zai sa hannu idan za a yi wa yaro tiyata, ya halarci taron iyaye a makaranta, ya ɗauko yaran su gaida dangin uba ko uban yana daji. A zaɓi wanda uwar yaran take iya magana da shi ba tare da faɗa ba, ba wanda ya fi kowa zafi a lokacin saki ba.

Takardun aiki ma a duba su. Inshorar lafiyar ma'aikatan tarayya, wadda ta sojoji take hannun kamfanin DHML mai kula da inshorar lafiyarsu, tana ɗaukar 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, saboda haka a tabbatar sunayen yaran suna ciki, katinsu kuma yana hannun mai kai su asibiti, ba a jakar uban da ke Monguno ba. Idan ya ƙara aure ya samu wasu 'ya'yan, kada a sauya sunaye a ɓoye. Magana mai nauyi da dole wani ya daure ya faɗa ita ce ta sunan magajin da soja ya rubuta a fayil ɗinsa. Wanda aka rubuta shi hukuma za ta nema idan ta Allah ta kasance, amma rubutun bai mayar da shi mai gado shi kaɗai ba. Matar da iddarta ta cika ba ta gado, 'ya'yanta kuwa suna gado cikakke. A tabbatar an rubuta kowane yaro a fayil ɗin da takardar haihuwarsa, domin yaron da hukuma ba ta san da shi ba yana shan wahala kafin ya samu haƙƙinsa ko tallafin karatun da ake ba marayun sojoji.

Ziyara ba za ta bi kalanda ba, fas za ta bi, wato izinin 'yan kwanaki da ake ba soja ya je gida. A rubuta cewa duk lokacin da aka ba shi fas ko hutun shekara zai sanar da zarar ya sani, uwa kuma za ta sassauta tsarinta ya samu kwanaki da yaran ko ba ranarsa ba ce, matuƙar ba a hana su zuwa makaranta ba. A tsakani, saƙon murya a WhatsApp ya fi alkawarin kira a rana kaza, domin yana isa duk lokacin da sabis ya samu, yaro kuma yana iya maimaita sauraro. Uwa ta riƙa tura hoton sakamakon jarrabawa da muryar yaro yana karanta haddarsa, kada kuma a matsa wa uban ya faɗi inda yake, ko a ɗora hotonsa da kaki a Facebook da sunan sansaninsa. Idan an ji labarin hari a rediyo, kada a tattauna shi a gaban yara kafin a tabbatar.

Wani uban yakan kafa hujja da cewa fiƙihu ya ba waliyyi damar tafiya da yaro idan ya yi ƙaura mai nisa. Hukuncin yana nan, amma ƙaurar zama ake nufi zuwa wuri mai aminci ta hanya mai aminci, canjin wurin aiki zuwa fagen daga kuwa bai shiga ciki ba, kuma alƙali ne ke auna hakan, ba mai ƙaurar ba. Idan uwar ce soja ko 'yar sanda aka tura ta aiki, a rubuta wanda zai riƙe yaran na wannan lokacin da cewa za su dawo hannunta idan ta dawo, domin kada a mayar da aikinta makamin ƙwace su.

Wanda ya daɗe a bakin daga yakan dawo da rashin barci da saurin fushi da firgita idan ƙofa ta bugu. Ziyarar farko ta zama ta yini a gidan dangi kafin a kai ga kwana, idan kuwa alamun suka ci gaba, wani da yake jin maganarsa ya raka shi ganin likitan ƙwaƙwalwa a asibitin soja. A bariki akwai masu taimako da ba kowa ke tunawa da su ba: liman da limamin coci, samanja, da magajiya mai kula da lamuran mata. A fara da su kafin a kai ƙara ofishin kwamanda, saboda ƙarar da ta shiga fayil tana iya taɓa aikin da yaran suke ci daga gare shi. Mafi yawan wannan tsari ya dace da direban tirela da ɗan kwastan da mai neman kuɗi a Kudu ko Saudiyya, har da waɗanda aurensu yana nan nisa ce kawai ta raba su.

Mataki na takwas: sabon aure

Za a yi shi, don haka a ambace shi tun yanzu. Wanda zai yi aure ya sanar da ɗayan ta bakin mai shiga tsakani kafin yara su kawo labarin. Idan uwar ce, a zauna a duba ko yaran za su koma wurin kakarsu kamar yadda hukunci ya tsara, ko uban zai yarda su bi ta agolanci idan sabon mijin mutumin kirki ne kuma ya karɓa da zuciya ɗaya. Ciyarwa dai tana nan a kan mahaifi. Idan uban ne, ya gaya wa amaryarsa adadin da yake fitarwa duk wata tun kafin a ɗaura, kada ta gano shi a saƙon banki.

Mataki na tara: idan tsarin ya karye

Makarar wata ɗaya kira ne daga gare ka, ba ƙara ba. Idan ta maimaitu sai a koma wurin shaidun da suka sa hannu, daga nan mai unguwa ko hakimi, ko ofishin Hisba a jihohin da suke da ita, irin ta Kano da aka kafa da doka a 2003, wadda sulhun aure yake cikin manyan ayyukanta. Idan duk bai yi ba sai kotun shari'a, ko kotun iyali ko Babbar Kotu ga waɗanda auren doka suka yi. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman lauya a Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Inda aka rabu saboda duka ko barazana ko cin zarafin yaro, a tsallake zaman gaba da gaba tun farko, saƙo da miƙa yara su bi ta hannun wani, ziyara kuma ta kasance a gaban babba har sai kotu ta ce wani abu. Kada kowa ya je makaranta ya ɗauke yaro a ɓoye, ko da yana ganin shi ke da gaskiya, domin alƙali zai riƙe hakan a kansa. Ranar zuwa kotu a tafi da takardar yarjejeniyar, da takardar saki, da takardun haihuwar yaran, da bayanin banki na watannin da aka biya da waɗanda ba a biya ba, da rasit na makaranta da na asibiti, da ɗaya daga cikin shaidun biyu.